Aikin kula da ɗalibai a cikin jirgin ruwa: in nema ko in haƙura?

Maman Ihsan: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kuma da gaske nake. Akwai wani shiri na Amurkawa, Semester at Sea, jami'a ce sukutum a cikin jirgin ruwa, ɗalibai su yi zango guda suna karatu jirgi na yawo da su ƙasa ƙasa. Suna ɗaukar masu kula da harkokin ɗalibai, irin dai aikin da nake yi a hostal ɗin mata. Yaya Luba an ce min kin taɓa yi. Raina ya biya wallahi amma ko Baban Ihsan ban gaya wa ba tukuna

Abban Sadiq: Wa alaikumus salam. Kafin komai a tabbatar ba 'yan damfara ba ne, kin san yadda ake cin kuɗin mutane da sunan aikin waje

Kawu Na Yauri: Ke ɗiyata, teku kika ce? Mu da munka tashi bakin Kwara mun san ruwa ba abokin wasa ba na. Kin manta abin da ya hwaru Warra ta jihar Kebbi a 2021? Jirgi ya ɗauko mutum fiye da 150, yab buɗe tsakiyar ruwa, kwana da kwanaki ana tsamo gawa. Wanga fa gulbi na, ana hangen gaɓa. Ke kina batun inda babu gaɓa ko ɗaya

Yaya Luba: Salam alaikum, yanzu na tashi, a yi haƙuri da bambancin lokaci. Kawu ina wuni, ya jikin Inna? Abban Sadiq shirin na gaskiya ne kuma ya daɗe, tun 1963 aka fara shi da sunan University of the Seven Seas. Wata ƙungiya ce mai suna Institute for Shipboard Education take gudanar da shi, amma darussan da makin suna ƙarƙashin jami'ar Colorado State tun 2016, kafin nan jami'ar Virginia ce, kafin ita kuma Pittsburgh. Sau biyu ake fita a shekara, daga Satumba zuwa Disamba sai daga Janairu zuwa Afrilu, kwana ɗari da 'yan kai, ƙasashe wajen goma, ɗalibai 500 zuwa 600. Neman aikin a shafinsu ake yi kai tsaye, duk wanda ya ce ki turo masa kuɗin fom ɓarawo ne

Yaya Luba: To amma ƙanwata bari in fara da abin da hotuna ba sa nunawa. A hostal ɗinki in kin tashi aiki kina hawa napep ki koma gida, ki ga 'ya'yanki, ki kashe waya in kin ga dama. A jirgi ɗakinki yana cikin layin ɗakunan yaran da aka damƙa miki. Tare za ku ci abinci, tare za ku hau bene, in kin fito shan iska su ne, in kin shiga ɗakin karatu su ne. Ana raba su rukuni rukuni ana sa wa kowane rukuni sunan wani teku, ke ce uwar naki rukunin, nawa sun haura sittin. Ƙarfe biyun dare yarinya za ta ƙwanƙwasa miki ƙofa tana kuka an aiko mata kakarta ta rasu, kuma saura kwana biyar a ga ƙasa, babu jirgin sama babu mota babu inda za ta, ke ce kawai. Wannan shi ne aikin, ganin ƙasashe ƙari ne

Madam Rifkatu Zuru: Yaya Luba wannan ai shi muke yi kullum a nan, ba ma da likita kusa. Maman Ihsan ta sha kwana a asibiti da 'yar wani, ni shaida ce

Yaya Luba: Shi ya sa ban ce kar ta nema ba Madam. Ni a ganina wanda ya riƙe hostal a gida, babu wuta babu ruwa yara ɗari uku sun taso maka da safe ka lallashe su, ya fi da yawa daga cikin waɗanda na yi aiki da su sanin yadda ake kwantar da rikici. Matsalarmu ba ma rubutawa. In an tambaye mu me kake yi sai mu ce muna kula da hostal, shi kenan. Su kuwa so suke ki faɗa musu sulhu nawa kika yi tsakanin 'yan ɗaki ɗaya, yaya kika yi da yarinyar da ta daina cin abinci ta daina magana, wane taro kika shirya, wa kika horar. Galibin waɗanda ake ɗauka suna da digiri na biyu da shekaru a wannan fannin

Maman Ihsan: Mastas ina da shi alhamdu lillahi. Yaya ya ranar aiki take, tun safe zuwa dare?

Yaya Luba: In ana kan teku babu Asabar babu Lahadi, ranar A ce da ranar B suna karɓa karɓa, kowace da darussanta, akwai kuma darasi ɗaya da kowane ɗalibi dole ya shiga wanda ake bayanin ƙasar da za a sauka, tarihinta da siyasarta da al'adunta. Mu da safe taron ma'aikata da shugaban sashenmu, da rana ofis, ɗalibai na shigowa da ƙorafi, wannan abokin ɗakinsa na minshari wannan an ɗaukar mata caja wannan kewar gida, da yamma ƙungiyoyi da wasanni da laccar dare, sannan akwai diyuti na kwana da ake juyawa. Ga wasan gasa da ake yi tsakanin rukunonin, yini guda cur, ke za ki haɗa naki ki sa su shiri.
In an iso tasha nan ne zuciya take tashi. Yara 'yan shekara 19, 20, wasunsu ba su taɓa barin garinsu ba, an sake su a Kasabalanka ko Kef Tawun. Ana ba da lokacin da kowa zai dawo jirgi ranar tashi, wanda ya makara ko da 'yan mintuna ne ana yanke masa sa'o'in da zai zauna a jirgi a tasha ta gaba kowa ya fita ya bar shi, wanda ya makara sosai kuma jirgi ba ya jira. Sai ki gan ki a bakin matakala kina duba wanda bai shigo ba kina addu'a. Ana caje jaka, ba a shigo da giya. Wanda ya dawo a buge akwai ɗakin da ake ajiye shi a sa masa ido har ya dawo hayyacinsa, kuma mai diyuti ce za ta zauna da shi

Malam Sani Jega: Innalillahi. To ai nan maganar take. Mace musulma matar aure ta zauna gadin mashayi cikin dare? Ni ban ga alherin wannan ba Hajiya

Madam Rifkatu Zuru: Malam da girmanka, nas a asibitin gwamnati in an kawo mashayi ya faɗi a babur korarsa take yi? Ɗan mutum ne, kar ya shaƙe da amansa ya mutu shi ne aikin

Malam Sani Jega: Madam ban ce a bar shi ya mutu ba. Ita nas a garinsu take, mijinta na nan, da asuba ta koma gida. Wannan wata uku da rabi ne babu muharrami. Tambayata ke nan

Yaya Luba: Malam tambayarka a kan hanya take kuma ba ni zan amsa ta ba, tsakaninta da mijinta ne da malaman da suka yarda da su. Abin da zan iya faɗa shi ne ba ke kaɗai ake bari da yaro ba, akwai jami'an tsaron jirgi akwai likita da nas akwai masu ba da shawara kan damuwa, ƙofa a buɗe. Na ga malamai da ma'aikata da suka taho da mazansu ko matansu har da yara ƙanana, sai ta tambayi sharaɗin hakan da kuɗinsa tun a intabiyu

Kawu Na Yauri: Ba ku amsa mani batun ruwa ba. Kun tsallake

Yaya Luba: Ban tsallake ba Kawu, ina zuwa. Ba zan ce maka babu hatsari ba. A Janairun 2005 igiyar ruwa mai tsawon ƙafa 50 ta bugi jirginsu na lokacin, MV Explorer, a arewacin tekun Fasifik, ta fasa gilashin ɗakin tuƙi ta taɓa injuna, sai Honolulu ta tsibirin Hawaii suka lallaɓa. Ba a rasa rai ba. Babban rashin da aka yi a ƙasa ne ma, 1996 a Indiya motar bas ta kife da su a hanyar Agra ɗalibai huɗu suka rasu. Jirgin yanzu MV World Odyssey a Jamus aka ƙera shi a 1998, tsawonsa mita 175. Kafin ya ɗaga daga tashar farko sai kowa ya sa rigar ceto ya tsaya wurin da aka ba shi an kira suna ɗaya bayan ɗaya, doka ce ta duniya, kuma ana maimaitawa a hanya. Kowa da gurbinsa a kwalekwalen ceto. Abin da ya ci mutanenmu a Warra lodi ne fiye da ƙima da tsohon jirgi da rashin riga, kuma har yau abin yana min ciwo, don rigar nan ba ta kai kuɗin buhun shinkafa ba

Kawu Na Yauri: Wanga gaskiya na. Ko jiya na ga an cika jirgi da babura da buhunna da mata da goyo, ba mai riga ko guda. Allah shi kyauta. Amma dai zuciyata ba ta kwanta ba

Ɗan Argungu: Kawu kakanninmu fa da ƙafa suka tafi hajji, shekara da shekaru a hanya ta Chadi da Sudan, su isa Sawakin su hau jirgin ruwa su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda, har da mata. Jiragen da ba su kai rabin wannan ba

Malam Sani Jega: Wannan farali suka je saukewa ɗan'uwa, kar a haɗa. Amma don adalci, hawan teku kansa ba laifi ba ne ga mace, Ummu Haram bint Milhan ta roƙi Annabi SAW ya yi mata addu'a ta kasance cikin masu hawa teku, ta hau kuma, a Kubrus ta rasu. Sai dai tare da mijinta Ubada bn Samit ta tafi. A riƙe wannan

Maman Ihsan: Na riƙe Malam. To salla fa Yaya? Alƙibla a jirgin da ke juyawa?

Yaya Luba: Wannan ya ba ni aiki da farko. Manhajar salla ta waya tana rikicewa don garin da kika sa mata jiya yau kin yi masa nisa, intanet ɗin kuma na tauraron ɗan'adam ne, a hankali yake, kar ki sa ran kiran bidiyo da yara kullum. Abin da ya taimake ni akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna inda jirgi yake da inda ya dosa, da ita nake gane gabas, sauran kuma ido, rana ce agogonki, kuma a teku babu gini babu bishiya, faɗuwarta ƙarara kike gani. Ga canjin agogo: in ana tafiya gabas dare bayan dare ana ƙara awa ɗaya, kwananki ya koma awa 23, yara duk su zama kamar marasa lafiya don rashin barci, in yamma aka nufa kuma ki samu 25. In ruwa ya yi haushi tsayuwa ba ta yiwuwa, a zaune nake yi

Malam Sani Jega: Daidai ne. A mazhabarmu ta Malikiyya mai salla a jirgin ruwa zai fuskanci alƙibla, in jirgi ya juya ya juya tare da ita matuƙar da hali, in babu hali ya yi yadda ya samu. Tsayuwa ma haka. Kasaru kuwa tafiyar ta wuce mil 48 nesa ba kusa ba, sai dai a lura, in an sauka tasha da niyyar zaman kwana huɗu cikakku to a cika salla. Sannan wanda zai bi tafiyar Janairu ya san shekarun nan azumi a cikinta yake faɗowa. Matafiyi yana da rangwame ya sha ya rama, amma wata guda ba ƙaramin bashi ba ne

Yaya Luba: Ni ta Satumba na yi. Abinci kuma akwai kifi da ganye da wake da taliya da dankali kullum, naman ne nake bari sai na tabbatar. Ki tafi da yajinki da man shanu in za a bar ki da shi, a rufe cikin leda ta kamfani, don ba kowane abinci ake yarda a shigo da shi ba. Ki tafi da maganin jiri, kwanakin farko har ma'aikata amai suke yi kuma a haka za ki bi ɗaki ɗaki kina duba yara

Abban Sadiq: Duk na ji. Nawa ake biya? Don in dala ce ko kaɗan ce a nan babba ce

Yaya Luba: Abban Sadiq duk wanda ya je don kuɗi zai dawo da ɓacin rai. Alawus ne daidai gwargwado, da ɗaki da abinci. Aikin zango ɗaya ne, an gama an sallame ki. A cikin alawus ɗin za ki ci abinci in kin sauka gari ki sayi tsaraba, kuma mu masu koren fasfo muna da ƙarin nauyin da Ba'amurke ba shi da shi, biza. Ghana kaɗai ce nake shiga hankali kwance saboda ECOWAS, Tema ko Takoradi, amma Maroko da Afirka ta Kudu da Indiya da ƙasashen Turai duk sai da biza, kowace da kuɗinta da layinta a Abuja ko Legas, kuma dole a gama kafin a hau. Ga katin allurar shawara, shi ma dole. Abu na farko da za ta rubuta ta tambaye su shi ne matsayin wanda yake zaune a Najeriya wajen takardun aiki da biyan kuɗi, don ni daga nan Amurka na nema, hanyata da tata ba ɗaya ba ce

Abban Sadiq: To ni a nan na tsaya. Ta bar aikin gwamnati mai fansho ta tafi wata uku ta dawo ta tarar an ba wani kujerarta? Ga kuɗin biza ga tikiti. Lissafin bai fita ba

Madam Rifkatu Zuru: Wa ya ce ta ajiye aiki? Akwai hutun da ba albashi, a rubuce, ta bi ta ofishin rajistara a sa hannu kafin ta motsa. Malamai suna tafiya sabatikal shekara guda ba wanda ya ce sun yi asara, mu ma'aikatan da ba sa koyarwa ne kullum ake ganin ba mu da abin da za mu koyo a waje. Alhali yaro awa nawa yake yi a aji, awa nawa yake yi a hannunmu?

Ɗan Argungu: Yaya Luba ance akwai ranar da ake aske kai a sumbaci kifi, gaskiya ne?

Yaya Luba: Gaskiya ne, ranar da aka tsallaka layin da ya raba duniya biyu, ikwaita. Tsohuwar al'adar matuƙan Turawa ce. Wani babba a jirgin ya yi shigar sarkin teku na tatsuniyar Rumawa, Neptune, a watsa wa yara wani ruwa mai kala su faɗa kwamin wanka su fito su sumbaci kifi da zoben sarkin, masu so su aske kai har mata. Ba dole ba ne. Ni na ce musu addinina bai ba ni in rusuna masa ko da wasa ba, na karɓi aikin tsayuwa bakin ruwa ina lura kar wani ya zame, ba wanda ya ɗaga min gira. Har wasu yara biyu musulmi da wata Bayahudiya suka zo suka tsaya kusa da ni, ashe suna jin nauyin ƙi ne su kaɗai

Malam Sani Jega: Kin kyauta. Wasa da irin wannan ba shi da kyau ko an ce raha ce

Ɗan Argungu: Malam mu ma fa a kogin Matan Fada na Argungu ba a faɗawa ruwa ranar bikin kamun kifi sai Sarkin Ruwa ya ba da izini

Malam Sani Jega: Shi ma ina da magana a kai amma ba yau ba

Admin: Jama'a a dawo kan batun Maman Ihsan don Allah, na Argungu mu ajiye shi sai lokacin biki

Yaya Luba: Abin da na ce game da yaran nan uku shi ne ya sa nake son irinta su nema. Yawancin ɗaliban daga Amurka suke, kuma ana kai su Afirka. Kafin a isa Ghana za ki ji tambayoyin da za su sa ki riƙe baki, ba don mugunta ba, ba su sani ba ne. Bayan sun dawo daga gidajen bayi na Cape Coast da Elmina wasu ba sa iya cin abinci, musamman baƙaƙen fata, a daren nan ɗakina ya cika har ƙasa. Marigayi Desmond Tutu, babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu, ya taɓa bin tafiyar nan da kansa ya zauna da ɗalibai, amma babban baƙo lacca zai yi ya koma ɗakinsa. Wadda za su gani kullum da hijabinta tana salla tana dariya da su tana yi musu faɗa in sun yi ba daidai ba, wannan dabam ce. Akwai yarinyar da ta ce min ni ce musulma ta farko da ta taɓa zama ta ci abinci da ita, shekararta 20

Yaya Luba: Kuma ki shirya wa canji. Kyaftin ne mai magana ta ƙarshe, in ya ce ba za a shiga tasha ba saboda iska ko rikici ko cuta an gama. A 2020 korona ta sa aka yi ta sauya hanya daga ƙarshe aka katse tafiyar a Kef Tawun kowa ya nemi hanyar gida. Yara sun biya kuɗi masu yawa sun ƙwallafa rai a kan wata ƙasa, an ce ba za a je ba, a kan wa za su sauke fushin? Ke da ba ki da hannu a ciki

Maman Ihsan: Wannan kam na saba, ranar da aka ɗaga jarabawa ni ake zagi kamar ni na ɗaga. Abin da ya fi tsaya min a rai Ihsan ce, tana aji shida, ƙaramin kuma shekara huɗu. Wata uku da rabi ba ƙaramin abu ba ne gare su

Kawu Na Yauri: To kin ga. Ɗiyan mutane za ki tai ki riƙa, naki wa za shi riƙa maki? Ba hana ki nika yi ba ɗiyata, tambaya ta

Madam Rifkatu Zuru: Kawu da namiji ne ya samu da yanzu ana ta Allah ya sa alheri. Gwaggonsu na gidan, ni ina makwabtaka, kuma ba gobe za ta tafi ba, ana nema ne tun da wuri, kafin a kira ta ma ƙaramin ya shiga firamare

Kawu Na Yauri: Ko namiji na sai na tambaye shi Madam. Amma na ji batun gwaggo

Abban Sadiq: Ni har yanzu ina kan bakata a kan kuɗi. Ta rubuta duk abin da za ta kashe a takarda, biza da tikiti da albashin wata huɗu da za ta rasa, ta nuna wa maigida tare da maganar, kar ta je masa da hotunan teku kawai

Maman Ihsan: Haka zan yi in sha Allah, daren nan bayan isha zan same shi da maganar, in ya ce a'a to a'a ce. In ya amince sai istihara sannan in rubuta musu tambayar takardu. Yaya Luba zan turo miki takardar bayanin aikina ki duba min, shafi ɗaya ce tal kuma rabinta makarantun da na yi ne

Yaya Luba: Turo. Kafin nan ki zauna ki rubuto min abu goma da suka faru a hostal ɗinki da yadda kika yi da kowanne, ban da sunan kowa, da Hausa ma ya isa, daga nan za mu fara